Sobiyar Salloli Biyar

Ni mace ce mai ji da kaina a kicin, kuma ban taɓa ɓoye hakan ba. A Zariya, kafin mijina Malam ya samu gurbin karatu a jami'a mu taso Madina, har daga layi na uku ake aiko yara neman kunun zaƙina. Saboda haka ranar da babbar 'yata, wadda na haifa a nan unguwar Bani Harisa, ta ture kofin kunu gefe, sai da na ji abin har cikin ƙashina.

Saura mako biyu walimar saukarta ta Alƙur'ani, na tambaye ta me za a ba ƙawayenta su sha.

"Abga sobiya, ya Ummi," in ji ta, wato sobiya take so. Haka take, a yi mata Hausa ta amsa da Larabci.

Sobiya abin shan mutanen Hijaz ne, da sha'ir ake yin ta, fara ce mai ɗan tsami da ƙamshin hel, 'yan ƙwayoyin nan da Larabawa ke sa wa gahawa. Duk Bahaushen Madina ya san inda ake samun ta gaske: wajen wata tsohuwa a unguwar Ranuna, wadda kakanninta suka zo daga Katsina da ƙafa. To ni da tsohuwar nan akwai 'yar tsama. Ta taɓa kurɓar kununa a wani suna ta ce ya yi ruwa, ni kuma na riƙe maganar shekara huɗu cur. Don haka da matan unguwa suka ce a aika Ranuna, sai na buɗe baki a gabansu na ce da hannuna zan yi. Ban taɓa jiƙa ko ƙwayar sha'ir ba.

Na ɗauki waya na shiga neman yadda ake haɗa abin sha na sha'ir a gida. Na faɗa wani shafi na Turawa, komai a tsare gwanin sha'awa: bokiti mai famfo, siririn tiyo, ma'aunin zafi, ƙullin tsiron sha'ir, ƙullin yis, da bayanin awo dalla-dalla. Har na fara kwafa a bayan littafin yara ina yaba musu tsari. Sai da na gangara ƙasa na ga kofi cike da kumfa a hannun wani jan ƙato, sannan na gane kayan dafa giya a gida nake kwafa. Na yi a'uziyya, na yage takardar, na kife wayar.

Amma abu ɗaya ya maƙale min a kai, yis ɗin nan. Na ce su mako biyu suke barin nasu, shi ya sa yake zama abin da yake zama. Ni ɗan kaɗan zan barbaɗa, na burodi, don tsamin ya zo da wuri. Na niƙa sha'ir, na zuba sukari da hannu sake, na ɗura a gorunan ruwa shida na murɗe murafen tamau, na jera su a tagar kicin. Lokacin kuwa tsakiyar zafi ne, irin wanda ruwan famfo ke ƙona hannu.

Rana ta uku bayan Azahar ina ninke kaya na ji fam! Kafin in kai ƙofar kicin wata ta sake fashewa. Kumfa har silin. Warin kuwa na san shi, shi ne wanda muke toshe hanci mu wuce da sauri a wasu lungunan Sabon Gari. Ni ce yau da wannan abu a ɗakina, a garin Manzon Allah, ga maƙwabta Larabawa a sama da ƙasa, ga iƙamar Malam, wato takardar zamansa a ƙasar, da karatunsa na shekaru. Na tuttular da sauran huɗun a magudana ina istigfari, na wanke bango da omo sau uku, na ƙone turaren wutan da nake ɓoyo don walima gaba ɗaya.

Malam ya dawo La'asar, ya tsaya a bakin ƙofa yana shinshina. Na faɗa masa komai ina hawaye. Ya tambaya ko wani ya sha, na ce ko ɗanɗanawa ba a yi ba. Sai ya zauna a kan tabarma ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi.

"Maman yara," in ji shi, "gobe in kai ki Ranuna, ko ki kai kanki?"

Washegari na tafi Ranuna da daddawa da kuka da aka aiko min daga gida. Na durƙusa na gaishe da tsohuwar, na zayyana mata abin kunyata ban rage ba. Na shirya wa gori, amma ba ta yi ba. Ta dai kama haɓa.

"Yis? La hawla! Ke ya binti, wa ya aike ki? Sobiya ba a gaggauta ta, ba a kuma toshe mata baki. Tashi ki ɗauko min gwangwanin can."

Gwangwanin madara ne da ya tsufa har rubutunsa ya goge. Cikinsa uku na niƙaƙƙen sha'ir, in ji ta, da busasshen burodin alkama guda biyu, hel cikin tafin hannu, kirfa sanda ɗaya, ruwa bokiti. A rufe da farin ƙyalle a ajiye a inuwa. Sukari kuwa sai an tace. Sannan ta ɗebo kofi guda daga tata sobiyar ta ce in zuba a ciki, kamar yadda ake sa tsohon nono a sabuwar madara.

"Inna, awa nawa zan bar ta?"

"Ni ban san awa ba. Salla nake ƙirgawa. Ki jiƙa bayan La'asar. Magariba, Isha, Asuba, Azahar, La'asar, khalas, ki tace ki sa a tallaja, firij ke nan. Lokacin sanyi ki ƙara salla biyu. Kuma ki riƙa kara kunne a bokitin. In kika ji ta fara 'yar ƙara, kin makara, zubar kawai."

Haka na yi. Duk sallar da na idar sai na je na ɗaga ƙyallen na kara kunne, Malam yana tsokanata wai na samu sabon wuridi. Ta biyar na tace, na zuba sukari, na ɗanɗana. Wallahi ni kaɗai a kicin sai da na taka rawa.

Ranar walima falon ya cika da mata. Tsohuwar ta zo da kanta, aka ba ta kujera, na miƙa mata kofin farko. Ta kurɓa, ta juya shi a baki.

"Sukari ya ɗan yi yawa," in ji ta. Ta shanye, ta miƙo kofin. "Ki ɗura min gora ɗaya in tafi da ita."

Matan suka ɗauki guɗa. Ni kuwa idona yana kan 'yata, tana tsakiyar ƙawayenta cikin farar abaya, tana nuna musu ni da yatsa. Can ta taso da kofinta wayam, ta ratso mutane ta zo ta tsaya a gabana.

"Mama," ta ce, da Hausarta mai ɗingishi, "ƙara min. Taki ta fi daɗi."

Na cika mata har ya zuba a hannuna.