Ranar da Na Ara wa Baba Bakina

Ko zan manta da komai, ba zan manta ranar da na ara wa Baba bakina ba.

Baba tsohon mafarauci ne. A Limawa kowa ya san shi da kiran zabin daji. Zai matse harshe a haƙora ya yi kukan zabuwa, sai ka ga namijin ya fito da ƙafarsa. To, sai haƙoran gaba suka zube. In ya gwada kira, iska kawai ke fita. Sau uku yana dawowa ba ko gashin tsuntsu, abokan hirarsa suna ta yi masa tsiya. Rannan ya rantse in ya sake dawowa haka, maƙeri zai kai wa bindigar a yi fartanya da ita.

Abin ya taɓa ni ƙwarai. Lokacin ina koyarwa a firamare a Jimeta, har da 'ya'ya biyu, amma tun ina ƙarama nake kiwon zabi, kukansu yana bakina.

Wata Asabar bayan girbin dawa na ce wa Baba ni zan yi masa kiran, muka haye gadar kogi da sassafe muka shiga daji. Na samu gindin tsamiya na tsaya, ina ta rafka kira kamar mai tallar ƙosai. Shiru.

"Ke, wace zabuwa kika taɓa gani ta kafe wuri guda?" in ji Baba. "Yi kira biyu, ki yi shiru, ki taka goma, ki tona ganye da ƙafa. In namijin ya ji kina yin nisa, shi zai biyo ki."

Haka na yi ta yi, ƙaya tana jan zanena, dariya tana cina. Can sai aka amsa daga cikin ciyawa! Na zabura zan nufi wajen, Baba ya harare ni, ya nuna mini gaba. Na wuce ina kira, shi kuwa ya durƙusa bayan suri. Ban yi nisa ba na ji dum!

Sai ga Baba ya fito riƙe da ƙaton zabo, yana dariya, dasashi duk a waje.

"Bakin naki ne," ya ce, "amma dabarar tawa ce!"

Da muka dawo bai nufi gida ba, sai da ya ratsa ta majalisar abokan nan nasa yana lilo da zabon, ni kuwa ina biye, farin ciki kamar ya kashe ni.

Ranar na gane tsufa haƙori ya ƙwace wa Baba, bai taɓa abin da ya sani ba. Abin da ya rasa kawai shi ne wani nasa da zai bi shi daji. Bindigar tana rataye a ɗakina har yau, ba ta zama fartanya ba.