Tsohuwar Motar da Ta Ci Mana Gingimari

Ranar nan ba ta taɓa fita raina ba. Tun da kun ce in ba ku labarin a rubuta, bari in fara da waɗanda ke wurin, don kada gobe wani ya ce na ƙara gishiri. Akwai Alhaji Garba mai albasa, ubangidanmu. Akwai Mista Bulus, ma'aikacin ofishin gona, mutumin kudancin Kaduna, shi ne mai motar. Akwai dillalai biyu, Ɗanbaba na Jega da Na'Allah na Aliero. Akwai Mamman direba. Sai ni Kulu, shugabar mata masu tsintar albasa a rumfar Alhaji. Na bakwai ɗinmu daga baya ya iso, zan zo kansa.

Lokacin muna jihar Sakkwato, ba a yanke mana Kebbi ba, a shekarun da kuɗi ya fara lalacewa har sabuwar mota ta gagari masu hali. Ga yadda aikinmu yake, don ku na yanzu ku gane. Lawali, ɗan farin Alhaji, shi ke zaune Aliero yana karɓar albasa hannun manoma, yawanci a kan magana kawai, sai an sayar a biya su. Mamman ya kwaso ta a gingimari, babbar motarmu guda ɗaya tilo, ya juye a rumfa nan Jega. Mu mata mu fid da ruɓaɓɓu, mu ware manya da ƙanana, a ɗura buhu a ɗinke, gingimari ta yi kudu da ita. In babu gingimari, babu abin da zai kawo albasa rumfa, mu kuma sai zaman gida. Cikin matan da ke ƙarƙashina, da yawa zawarawa ne masu ciyar da marayu.

Alhaji da Lawali ba sa magana baki da baki. Ba faɗa ba ne, kunyar ɗan fari ce irin tamu ta nan. Alhaji bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce “wancan na Aliero”. In da saƙon aiki, ni ko Mamman ake bai wa.

To, motar. Wata 'yar ƙaramar mota ce ja, kujera biyu, rufinta na tamfol, a naɗe shi baya in ana son iska. Wani Bature injiniyan hanya ya zo da ita tun Alhaji yana saurayi, ta bi hannu har ta faɗo ga Mista Bulus, shi kuwa ya riƙe ta kamar jinjiri. Da ritayarsa ta matso, ya ce zai sayar. Alhaji ya aika Ɗanbaba ya taya.

A cinikin dillalai, mai saye ba ya nuna fuska sai an sallama. Dillali ke kai tayi ya dawo da amsa, kuma ba ya faɗin sunan wanda ya aiko shi. Ɗanbaba ya dawo ya ce wani daga Aliero ya ɗara tayin Alhaji. Alhaji ya ƙara. Na Aliero ya ƙara. Haka aka yi ta yi kasuwa bayan kasuwa, har kuɗin ya ninka biyu ya doshi uku.

Ni ba na shiga abin da ba nawa ba, amma ranar da Mamman ya ce mini wani ɗan kasuwa daga Maiyama ya zo ya leƙa ƙarƙashin gingimari, na ajiye faifai na tarar da Alhaji a kan tabarma.

Na ce, “Alhaji, wagga mota buhu nawa taka ɗauka?”

Ya ce, “Kulu, ba ta buhu ba ta.”

“To ta mi ta? Bakanike ya ce kayan gyaranta sai Ikko. Cikinta ƙasa-ƙasa, ko Jandutsi da ke nan kusa ba ta kaiwa da damina. Ga ta ta girmi duk ɗiyanka.”

Ya yi dariya, ya ce, “Ke ma kin girme su, ba mu yar da ke ba.”

Na ce, “Ni ina aiki.”

Sai ya bar dariya. Ya ce shi ke wanke ta lokacin yana yaron Bature, kullum da safe, amma ko sau ɗaya ba a taɓa ce masa ya zauna ciki ba. Ya ce irinta an daina yi, in ta bar Jega ta tafi ke nan, kuma duk abin da aka daina yi kuɗinsa sama yake yi. Na ce albasa ma kuɗinta na hawa, amma wadda ta daɗe a ajiye ruɓewa take yi. Ya ce in koma wajen aikina. Na koma.

Mista Bulus ne ya gaji. Kayansa a ɗaure, yana son tafiya gida. Ya ce wa dillalai shi ba ya sayar da motarsa ga wanda bai gani ba, su kawo masa mutanen biyu ranar kasuwar Jega a gama. Dillalai suka ce ba haka ake yi ba. Ya ce to ya fasa. Dole suka yarda, aka sa rumfarmu bayan azahar.

Ya zo da motar, ya naɗe rufin, tana ƙyalli tsakanin tsibin albasa. Gaskiya kyakkyawa ce, ban hana ta wannan ba. Na kori mata zuwa bayan rumfa, ni na tsaya. A lokacin tayin Alhaji ne a sama, kuma kowa ya san ba ya iya cika shi sai ya sayar da gingimari.

Alhaji ya ce wa Na'Allah, “Ina mutumin naka? Ya hito mu gan shi, wanga da ya hana ni barci.”

Sai muka ji babur ya tsaya. Mutum ya shigo da sallama, da sabuwar riga. Lawali ne.

Na ɗauka saƙon aiki ya kawo, har na taka in karɓa. Sai na ga ya dubi mota, ya dubi Ɗanbaba, ya dubi uban. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa nan cikin ɓawon albasa, kansa ƙasa. Alhaji ya juya fuska ga zana. Mamman ya ɗora hannu biyu a kai yana salati. Ni kuwa na zauna kan buhu.

Mista Bulus ya ce, “Me ya faru ne? Kun san juna?”

Mamman ya ce, “Yallaɓai, ɗansa na. Na fari.”

Uba ba ya yi wa ɗa, ɗa ba ya yi wa uba, don haka sai na tashi na tsaya tsakaninsu kamar yadda na saba.

Na ce, “Lawali, mi za ka yi da mota mai kujera biyu, kai da ke da iyali cike da gida?”

Ya ce, “Inna, ba tawa ba ta. Tun ina yaro nake jin tsoho na ba baƙi labarinta. Da na ji wani na Jega na son ta, na ce ba a ɗauke ta gaban idonsa ba. So na yi in aje masa ƙohwar gida ranar Sallah.”

“Da wane kuɗi?”

“Na sa gonata ta fadama jingina.”

Na juya na maimaita wa Alhaji, ko da yake duk ya ji da kunnensa.

Abin da na lura da shi, kuma har yau ina riƙe da shi, kowa a rumfar nan ya razana ban da mutum biyu. Ɗanbaba na duban farcensa, Na'Allah na gyara hula. La'adarsu kan kuɗin take hawa. Ban ji ba, ban gani ba, ba zan rantse sun haɗa baki ba. Amma ban ƙara amsa gaisuwarsu da sakin fuska ba.

Mista Bulus mutumin kirki ne. Ya cire tabarau ya ce, “Alhaji, wannan ba ciniki ba ne. Gida ɗaya kuke ja da juna. Mu koma kuɗin farko, ni na yafe sauran.”

Na ce a raina Allah Ya tsamo mu. Har na buɗe baki in yi masa godiya.

Alhaji ya ce, “A'a.”

Na ce, “Alhaji!”

Ya ce, “Kulu, tayin ga da bakina na yi shi, kasuwa duk ta ji. Manoman Aliero da Andarai ba takarda suka ba ni albasa kanta ba, magana ta. In anka ji yau na yi tayi na janye, gobe da mi za ni karɓi kayansu? Gaya ma wancan ya koma ya riƙe gonarsa. Mista, sallama mini yadda na taya.”

Mista Bulus ya roƙe shi har sau biyu, ya ƙi. Aka sallama, dillalai suka yi addu'a, kafin la'asar mutumin Maiyama ya aiko aka tafi da gingimari. Mamman ya miƙa makulli yana share ido da hannun riga. Alhaji ya shiga jar motarsa ya zauna, bai ko tashe ta ba, ya daɗe yana riƙe da sitiyari.

In kun tambaye ni ko motar ta kai kuɗinta, ni na ce ba ta kai ba, ko rabi. Shi har ya rasu cewa yake ta kai. Abin da na koya dai, sana'ar nan tamu kan magana take tsaye, kuma a nan Alhaji bai yi ƙarya ba, manoma ba su guje shi ba. Amma maganar da aka tsare a kasuwa, da an yi kwatankwacinta a gida, da ba a kai ga haka ba. Kunya abu ce mai kyau, sai dai dillali na cin abinci cikinta. Ku da ke aiki ƙarƙashin mutane, in kun ga kuɗin abu na hawa ba dalili, ku fara tambayar wa ke ɗaya ɓangaren.

Da yamma mata suka kewaye ni suna tambaya ko su zo gobe. Na ce su zo.

Da safe ban gaya wa Alhaji ba. Na yafa mayafina, na sa Mamman gaba, muka shiga motar farko zuwa Maiyama. Na zauna a zauren mutumin da ya sayi gingimari tun bai karya kumallo ba. Da ya fito na ce masa ya sayi mota amma bai da kaya, mu muna da kaya ba mu da mota, ya ba mu hayarta har ƙarshen albasar bana, kuma Mamman ne zai ja. Ya ce zai yi shawara. Na ce ya yi, ina nan zaune. Kafin hantsi ya ɗaga muna hanyar Aliero cikin gingimari, ni a gaba kusa da Mamman, mata na jira a rumfa.