Ranar da Baba Dakata Ya Bar Teburinsa

Saura kaɗan in fasa wannan rubutu. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ko a gida ba a san ni da magana ba. Amma ranar da Baba Dakata ya ajiye aiki ba wanda ya miƙe ya ce komai, abin ya tsaya mini a rai.

Shara da dafa shayi nake yi a ofishin da ake haɗa manhajoji. Kullum na iso sai in tarar da Baba a teburin lungu, kusa da injin ruwa mai ɗiga, ya kusa manna fuska da allon kwamfuta saboda idanunsa sun yi rauni. A ofishin akwai ƙirƙirarriyar basira da suke kira ɗan aike, shi ake turawa ya yi wa mutane hidima. Duk kayan aikin da za a ba shi sai an rubuta masa bayani: ga amfaninsa, ga yadda ake sarrafa shi. Abin da ɗan aiken ya karanta, shi zai aikata. Baba ne mai auna ko bayanin ya isa. Samari su kawo nasu a guje, shi kuma ya ɗaga hannu ya ce, "Dakata." Da haka sunan ya bi shi.

Yana da wata hanya tasa. Kafin ya gwada bayani a kan ɗan aike, sai ya kira wanda bai san aikin ba ya karanta masa. Yawanci ni ce.

"Ɗiyata, ajiye tsintsiyar. Yau ke ce ɗan aike."

"Baba, an taso farfesarka ke nan?" in ji samarin, suna dariya.

"Ku da kuka rubuta kun san abin da kuke nufi. Ita ba ta sani ba, ɗan aiken ma haka."

Wata rana aka kawo bayanin kayan aikin soke ranar ganin likita, na wani asibiti. Ya karanta mini a hankali, sannan ya ce, "Wata tsohuwa ta ce gobe ba za ta samu zuwa ba. Me za ki yi?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Zan sa sunanta in soke."

"Ba za ki sa rana ba?"

"Ai ba a ce dole ba, Baba."

Ya gwada a kan ɗan aiken da sunan ƙarya. Shi ma suna kawai ya sa, sai duk ranakun tsohuwar suka goge, har da na aikin tiyata. Dariya ta tsaya. Wanda ya rubuta ya koma ya ƙara layi biyu, aka wuce wurin. Ni dai ban manta ba, domin mahaifiyata ma tana bin layin asibiti.

Yanzu Manaja ya ce an samo wata manhaja da za ta riƙa ba bayanai maki nan take, Baba ya je ya huta. Ranar sallama aka sha shayi a tsaye, kowa idonsa na kan waya. Ni na riƙe masa hannu a matakala. Da muka sauka ya ce, "Ɗiyata, na ƙarar da idona wajen hana abu faruwa. Abin da bai faru ba, wa zai tuna da shi?"

Na raka shi har bakin ƙofa. Ga amsata yanzu.

Baba, kai ne mai tsayawa inda kowa ke sauri. Kai ne ka tsare mutanen da ba za su taɓa jin sunanka ba. Ban taɓa jin ka ce na yi wauta ba. In na ɓata, sai ka ce bayanin ne da laifi. Na gode. Allah Ya ba idanunka lafiya, Ya saka maka da alheri. Ku kuma masu rubuta wa na'ura bayani, ku nemi wanda bai sani ba ku karanta masa, ku jure jin amsarsa.

Washegarin sallamar na tarar an ɗora katan na takardu a kan teburin Baba. Na share ƙarƙashin, na kai shayi. Ɗaya daga cikin samarin nan masu kirana farfesa yana shirin tura sabon bayani, manhajar ta ba shi maki mai kyau. Na tsaya a bayansa, tiren shayi a hannuna.

"Yaya, ko za ka karanta mini tukuna?"

"Ya riga ya ci jarrabawa, farfesa."

Ban motsa ba. Ya dube ni, ya dubi teburin lungu, ya yi tsaki. Sannan ya jawo mini kujera da ƙafarsa.