Kaset masu zare

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Mushe Abdu, kamar yadda ake ce wa malamin boko a nan, makwancinsa. Tare muka koyar da tarihi a lakwal ɗaya a nan Yamai, kuma tun da ya tafi ban sake samun abokin gardama ba. Allah Ya jiƙansa.

Abdu yana da wata ɗabi'a da ta sha ba ni haushi. Duk hutun damina sai ya ja ni Maraɗi, Damagaram ko Tawa, mu zauna gaban tsofaffi, shi yana tambaya, ni ina riƙe da rakoda. Amma ko sau ɗaya bai rubuta sunan mai magana a jikin kaset ba. Tsofaffin sukan faɗi abin da ba su son a jingina musu: wane ya gudu daga fagen yaƙi, kakan wane sayo shi aka yi. Ya yi musu alkawari, alkawari kuwa kaya ne. Zare kawai yake ɗaurawa, ja na Damagaram, baƙi na Tawa, fari na Maraɗi. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Haba Isa, ga kaina ga naka, ina sunayen za su je?"

Makon jiya aka yi taron masana tarihi da malaman makaranta na ƙasa. Matar Abdu, Hajiya Rabi, ta kira ni gidansu a unguwar Bukoki, ta jawo akwatin kaset ɗinsa daga ƙarƙashin gado. Zafi ya fara cin kaset ɗin. Ta ce, "Malam Isa, kai musu. Kai kaɗai ka rage da ka san masu maganar."

Na shiga zauren ban ga sa'ana ko ɗaya ba. Da Abdu yana nan, da ya hana su sakat da tambayarsa ta kullum: wa ya faɗa muku? Su ma ita suka yi mini. Za su kwafe muryoyin kafin su lalace, amma maganar da ba a san mai ita ba, ba ta zama hujja. Muka shirya zan faɗi sunayen, su kuma su kulle, ba za a buga ba.

Aka sa kaset mai jan zare. Wata malama ta ɗauki alƙalami. "Baba, wa ke nan?"

Na kasa kunne. Tsoho ne, yana tari. Na tuna tabarmarsa, na tuna furar da aka dama mana, amma sunan ya ƙi zuwa. Aka sa na biyu, aka sa na uku, haka nan. Wallahi kunya ta kama ni, baƙin ciki ya fi ta. Kowa ya daɗe ya ga daɗau.

Can cikin na huɗu sai wani ya sheƙe da dariya a bayan tsohon, ya ce, "Isa, matso da rakodar mana!"

Ga abin da ya rage ke nan. Tarihin ya tsira, amanar tsofaffin ma ta tsira, har fiye da yadda Abdu ya nufa. Malamar tana jira, alƙalami a hannu. Na ce, "'Yata, wannan kam na san shi. Rubuta Abdu."