Malam Dawuda da Kamanjar da Aka Shanya a Rana

Kullum in an idar da sallar Asuba a unguwar Ka'akiyya ta Makka, Malam Dawuda kan tsaya wurin mai gurasar tamis ya sha shayinsa a tsaye, sannan ya je ya ɗaga ƙofar warsharsa, wato shagon aikinsa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka. Kafinta ne, mutanen gari suna ce masa Najjar, wato kafinta da Larabci. Ƙofar da ta ƙi rufuwa, gadon da alhazai suka karya, kujerar da ta rasa ƙafa, duk wurinsa suke zuwa jinya. A ƙarshen watan nan na shekarar 2018 zai ajiye zarto ya koma Maraɗi, ƙafafu sun gaji, idanu sun fara neman hutu. Kafin ya tafi ya kamata a faɗi abin da yawancinmu muka yi shekaru muna wucewa ta gabansa ba mu sani ba.

A ƙuryar warshar, bayan wani tsohon labule, akwai tebur da ba a ɗora guduma a kai. Nan yake gyaran kamanja, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, wadda makaɗan biki na Jidda ke kawo masa a lulluɓe kamar jariri. Da ƙuruciyarsa mai goge ne a Maraɗi, irin waɗanda ke wulla goge sama su cafe kiɗa bai yanke ba. Da ya zo Makka sai ya haɗu da wani tsoho Bamisre da ya kawo masa gyara, suka saba, tsohon ya koya masa karanta rubutun kiɗa, ranar da zai koma ƙasarsa kuma ya bar masa kamanjarsa kyauta.

Daga nan Malam Dawuda ya kamu da wata irin sana'a da ba mai biyansa. Sai ya ɗauki tsohon kiɗan Turai, wanda aka rubuta don mutum arba'in su kaɗa tare, ya zauna da fensir watanni yana rage shi har ya shige cikin kamanja ɗaya. Yana jan tsirkiya biyu a lokaci guda, ka rantse mutum biyu ne. Hannun dama na jan izga, ɗan yatsan hagu na tsinkar wata tsirkiyar. Wani lokaci ya ɗora yatsa sama-sama, sauti ya fito siriri kamar fito. Duk wannan da maƙalin shanya na katako a maƙale a kan kamanjar yake yi, don muryarta ta dushe, saboda maƙwabtansa na sama ɗaliban ilimi ne kuma ya san fahimtarsu game da kiɗa. Ɗaya daga cikinsu ya ce sun shekara shida tare bai taɓa jin komai ba sai ƙarar zarto, kuma da ya ji labari daga baya ya ce, "Ban canza ra'ayina ba, amma wallahi ban taɓa samun maƙwabci irinsa ba."

Kai ne, Malam, ka nuna mana cewa mutum zai iya riƙe abin da yake so ba tare da ya taka na kusa da shi ba.

Ɗalibi ɗaya ya taɓa yi a kiɗa, Hashim ɗan Alhaji Ya'u na unguwar Tandabawi. Haifaffen Makka ne, direban bas a tashar Kudai, Hausarsa rabi Larabci ce. Ranakun hutu yakan tafi Jidda kiɗan biki da kamanja, kuma yana da farin jini, don ya iya wasa. Yakan kaɗa ta bayan ƙeya, ya durƙusa, ya juya izga a yatsu. Ranar da ya fara zuwa warshar ya yi duk wannan a gaban Malam, yana jiran yabo. Malam ya gama kallo ya ce, "To, na ga rawa. Yanzu ja mini tsirkiya guda tun daga gindin izga har bakinta, kar ta yi rawa ita ma." Hashim ya ja, sauti ya fito yana karkarwa. Malam ya yi dariya ya ce, "Ɗana, mu masu goge sai kiɗa ya kama mutane muke wulla shi sama. Kai tun ba ka gaisa da su ba ka fara tsalle."

Hashim ya ji haushi, amma ya dawo. Shekara huɗu yana zuwa bayan La'asar. A bazarar 2017 wata makarantar kiɗa a Alƙahira ta buɗe ƙofa, aka ce mai so ya aiko da bidiyonsa yana kaɗa kiɗa guda shi kaɗai kafin wata ranar Alhamis a watan Yuli. Shekarun Hashim sun kai iyakar da suke ɗauka, in bai shiga bana ba shi ke nan. Suka zaɓi ɗaya daga cikin kiɗan da Malam ya rage, suka yi wata biyu suna gogawa.

Alhaji Ya'u, mahaifin Hashim, mutumin Damagaram ne mai tsauri, kuma bai taɓa sa wa wannan harka albarka ba. Amma uba uba ne. Ranar Talatar makon ƙarshe ya ji ɗansa yana ƙorafi a waya cewa muryar kamanjar ta ɗan yi sanyi. Sai tsohon ya tuna yadda masu goge a garinsu ke yi. Goge ƙoƙo ne da aka rufe da fatar guza, in muryarsa ta kwanta sai a gasa shi a rana ko a gefen wuta, fata ta ɗaure, sauti ya tashi. Da Hashim ya fita aiki, Alhaji ya ɗauki kamanjar a ɓoye, ya hau da ita saman bene, ya shanya ta a ranar Makka ta watan Yuli tun daga hantsi har Azahar. Niyyarsa yaron ya dawo ya tarar da ita garau, ba tare da ya san wanda ya yi ba.

Kamanja kuwa ba fata ba ce, katako ne siriri da aka haɗa da gam. Da ya koma ɗaukowa ya tarar wuyanta ya saki, fuskarta ta tsage. Ya naɗe ta a bargo ya shiga tasi zuwa Ka'akiyya. Malam Dawuda ya ce bai taɓa ganin dattijo mai shekara saba'in ya ruɗe haka ba.

"Malam, na kashe yaron nan," in ji Alhaji Ya'u. "Zai ce da gangan na yi. Wallahi zai ce da gangan na yi, kuma wa zai ga laifinai?"

Malam ya juya kamanjar ya duba. Gyara zai yiwu, amma gam ɗin na son mako guda a matse kafin a ja tsirkiya, ga shi kwana biyu suka rage. Ya dubi tsohon, tausayi ya kama shi, don ya san da shi ne a shekarun baya, abin da zai yi ke nan. Ya ce, "Alhaji, koma gida ka ci abinci. Bar mini ita, kar ka ce komi."

Da Hashim ya zo bayan La'asar ya ga kamanjarsa a wargaje kan tebur, Malam ya ce masa kawai, "Gam ya saki. Babanka ya gani ya kawo. Ni na liƙa wuyan nan bara." Duk gaskiya ne, sai dai ya bar yaron ya ɗora masa laifin. Hashim ya ɗora kuwa. Ya ɗaga murya cikin Larabci, ya ce, "Halas, ya ammi, ka gama da ni! Shekara huɗu!" Ya faɗi wasu maganganun da ba sai an maimaita ba. Malam ya tsaya da hannu a baya yana saurare har ya gama, abin ya yi masa zafi ƙwarai. Sannan ya shiga bayan labule ya fito da kamanjar Bamisren nan, wadda bai taɓa bari kowa ya taɓa ba, ya cire maƙalin shanya, ya miƙa masa.

"In ka gama faɗa, muna da kwana biyu. Riƙe."

Sabuwar kamanja ba ta bin hannu a rana ɗaya, wuyan wannan ya fi kauri, yatsun Hashim suna ta sauka gefe. Malam ya hau sama ya nemi afuwar ɗaliban, suka ce za su yini a Harami. Ya rufe warsha, ya mayar da masu gyaran ƙofa. Ya ɗauki fensir ya soke duk wuraren burgewa da suka saka a kiɗan, ya bar guda ɗaya tak a ƙarshe, inda hagu ke tsinka dama na ja, izga ta tashi sama ta sauko. Hashim ya ce in an cire wasan me ya rage. Malam ya ce, "Kai ka rage. Ja."

Ranar Alhamis da hantsi aka ɗauki bidiyon, tsakanin katakai da ƙurar zarto. Ana neman wanda zai riƙe waya sai ga Alhaji Ya'u a bakin ƙofa, ya ce a ba shi. Sau uku ana sakewa saboda wayar ta ƙi tsayawa daidai, a na huɗu ya jingina gwiwar hannu da tebur, kiɗan ya tafi daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Da izgar ta sauko, tsohon ya manta bai kashe wayar ba, har yau a ƙarshen bidiyon ana jin sa yana jan hanci.

Bayan wata ɗaya amsa ta zo, an ɗauki Hashim. A ranar Alhaji Ya'u ya zaunar da ɗansa ya gaya masa wanda ya shanya kamanja, kuma shi ne ya ba da izinin a rubuta wannan. Hashim ya zo warsha, ya sumbaci kan Malam, ya miƙa masa kamanjar Bamisren. Malam ya tura masa ita. Ya ce tsohuwar ta Hashim ta warke, shi ita zai riƙe, mai tabo ta fi dacewa da tsoho.

Kai ne ka ɗauki laifin da ba naka ba don kar ɗa ya tsani ubansa. Kai ne aka yi wa tsawa a cikin warsharka, ka amsa da mafi tsadar abin da ka mallaka. Najjar na Maraɗi, mai gyaran abin da ya tsage, mun gode. Allah ya saka da alheri, ya kai ka gida lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya. Mu da muka rage, a Kudai muke ko Tandabawi, kowa yana da abin da ya iya wanda ya ɓoye bayan labule. A nemi wanda za a koya wa, kuma in dattijo ya yi kuskure da kyakkyawar niyya, a rufa masa asiri.

Malam Dawuda bai taɓa hawa dandali da kamanja ba, ba a taɓa tafa masa ba. Watan jiya Hashim ya yi kiɗansa na farko a gaban jama'a a Alƙahira, ya aiko da hoton takardar taron. A ƙarƙashin sunan kiɗan, inda ake rubuta wanda ya tsara shi, an buga da Larabci: Dawuda, kafinta, Makka. Malam ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa. Ya ce, "To, kafintan dai ba su yi ƙarya ba." Sannan ya juya mana baya ya ɗauki zarto, ya daɗe yana riƙe da shi bai yanka komai ba.