Ladabin da Ya Hana Ni Tsallaka Teku

Duk wanda ya ga tumbina yanzu ba zai yarda na taɓa buga ƙwallon kwando ba, kuma ba na ganin laifinsa. Amma a shekarun farko bayan samun 'yancin kai, zamanin gwamnatin Jihar Arewa, ni ne mai raba ƙwallo a makarantarmu ta sakandare a Sakkwato. Wani malami Ba'amurke ne ya kawo mana wasan. Ya sa maƙeri ya lanƙwasa ƙarfe, aka kafa a jikin katako, muka riƙa jifa a filin ƙasa. Da ya ga tsawona bai taka kara ya karya ba, sai ya ce aikina in ɗauko ƙwallo daga baya, in karanci fili, in miƙa wa wanda ya dace. Na ɗauki abin kamar sarauta. In na je hutu Tambuwal har tafiyata canzawa take yi.

Mai jiran gadona wani ɗan ajinmu ne, mutumin Kebbe, bahago. Ya sha ba ni labarin yadda kakarsa take ɗaure masa hannun hagu da tsumma in za a ci tuwo, har ta gaji ta bar shi da halinsa. Ni kuwa a gidanmu ba a buƙatar tsumma. Mahaifina akawu ne a ofishin hakimi, kuma ba ya duka. In ka miƙa masa abu da hagu, ba zai karɓa ba, ba zai tanka ba, sai ya bar ka tsaye da buta a hannu har ka gane da kanka. Tun ban iya ɗaura wando ba na san babba da dama ake ba shi abu, a tallafe ta da hagu, a ɗan rusuna.

A cikin fili wannan bai taɓa damuna ba, don duk sa'o'ina ne. Hagu da dama duk jifa nake yi, har ina yi wa bahagon gorin cewa hannu ɗaya gare shi, ni biyu.

A shekararmu ta ƙarshe malamin ya ce wani dattijo mai horar da 'yan wasa zai zo daga ƙasarsu, yana neman mai raba ƙwallo guda ɗaya da zai je kwaleji a Amurka, ya yi karatu yana wasa. Kowa ya san ni ne. Ni ma na sani. Har na fara rabon kayana, na yi wa wani alkawarin akwatina, kuma bahagon da kansa ya roƙe ni takalmin wasana in zan tafi.

Dattijon ya zo, kansa fari fat, har da furfura a gira. Gwajinsa mai sauƙi ne. Ya tsaya a ƙarƙashin kwando, ya sa wani ƙato ya tare mini gefen dama, ya ce in bi ta hagu in jefo masa da hagu. Na wuce ƙaton kamar ba ya wurin. Na ɗaga kai, idona ya faɗa kan furfurar nan, sai hannu ya ƙi. Ban yi shawara da kowa ba, jikina ne ya yanke hukunci. Na mai da ƙwallo hannun dama, na tallafe da hagu, kuma waɗanda suke kallo sun rantse har gwiwata ta ɗan lanƙwashe. Ƙaton ya zo ya ɗauke abarsa cikin natsuwa.

Aka ce in sake. Na sake, na kuma rusunawa. Malaminmu yana ta ɗaga murya daga gefe, ni kuma zufa tana keto mini, ina ce wa kaina ai Bature ne, bai ma san ana yi ba. Hannun bai ji wannan bayanin ba. Da aka kira bahagon, ko kallon furfurar bai yi ba, ya cilla wa tsohon nan ƙwallo da hagu har ta yi ƙara a ƙirjinsa. Tsohon ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa. Takalmin da ya roƙa na ba shi, sai dai shi ne mai tafiyar.

Na yi kuka a motar Tambuwal, ba zan ɓoye ba. Na zayyana wa mahaifina komai ina jiran jaje. Sai fuskarsa ta cika da fara'a.

"Madalla," in ji shi. "Ashe ba banza nir rene ka ba."

Kafin sati ya zagayo, duk Tambuwal ta ji cewa ɗan akawu ya ƙi miƙa wa dattijo abu da hagu, ko da yake Nasara ne. Tsofaffi suna tare ni a hanyar masallaci suna sa mini albarka, ina amsawa da amin, zuciyata tana ƙuna.

Na zama malamin firamare, kuma duk faɗin lardi aka rasa inda za a tura ni sai Kebbe. Can labarin bahagon ya riƙa iske ni: ya gama kwaleji, ya koma Turai, wai biyansa ake yi don ya yi wasa. Kakar nan mai tsumma har cewa take yi ita ce ta ga baiwa a hannun ta ƙyale shi.

Bayan shekaru bahagon ya zo gida hutu, ya ce lallai sai ya gai da mahaifina. Ya ɗauke ni a motarsa, aka ɗaure kekena a baya. A zaure ya durƙusa, ya miƙa rediyon da ya kawo tsaraba da hannun dama, a tallafe. Mahaifina ya karɓa ya yi godiya. Da ya fita, tsohon ya bi ƙofa da kallo cikin tausayi na gaskiya.

"Allah sarki, yaron kirki," ya ce. "Da ya samu irin renon da kas samu, da bai ƙare ga wasan yara ƙasar wasu ba. Kai dai gode Allah."

Na dubi rediyon, na dubi kekena da aka jingine a bango, tayar baya ta sace.

"Haka ne, Baba," na ce.