Kaza a Hular Walda

Idan ka bi titin da ya nufi iyaka, ka ɗan wuce inda motocin Ƙonni ke lodi, za ka ga rumfuna biyu manne da juna. Ta faci tawa ce, ni Almu. Ta walda, mai ƙofofin ƙarfe jingine a gaba, ta Boyi ce. Mun daɗe muna maƙwabtaka har ina gane tarinsa a cikin taro, don haka abin da zan faɗa a kansa ba a bakin wani na ji ba.

Boyi gwani ne. Manoman albasa daga Araba da Amarawa shi suke kawo wa amalanke idan ta karye, kuma in ya ɗinke ƙarfe sai dai ya sake karyewa a wani wuri. Ga fara'a, ga kyauta. Suna ɗaya ne kawai in aka ambata a rumfar nan za ka ga dariyarsa ta canza, ta yi ƙarfi fiye da kima. Sunan Nu'man.

Taubasai ne. Mahaifiyar Boyi ƙanwar mahaifin Nu'man ce, saboda haka tun suna yara Nu'man ke kiransa "bawana", shi kuma ya rama da duk abin da ya zo bakinsa. Ka san wasan taubasai, ba a fushi, wanda ya ɓata rai shi ne abin dariya. Aji ɗaya suka yi, ni ma ina can baya ina ɗumama benci. Kuma ina faɗa da babbar murya, Boyi ya fi Nu'man ƙwaƙwalwa. Shi ke yi masa lissafi a ƙarƙashin darbejiya kafin a shiga aji. Sai ciwo ya kwantar da mahaifin Boyi, rumfar walda ta rasa mai riƙe ta, ga ƙanne a gida. Boyi ya ajiye littafi ya ɗauki wayar walda da guduma. Nu'man ya wuce Sakkwato, daga can ya wuce Turai, ya dawo mana da suna Dakta.

Aikin Nu'man, yadda ya taɓa yi mana bayani, da haske yake yi. Wata na'ura ce ake kira leza, tana harba haske mai tsananin ƙarfi a cikin ɗan lokacin da ƙiftawar ido ma doguwar tafiya ce a kansa. In hasken ya daki iskar gas ko wani irin dutse mai sheƙi, sai ya haifar da wasu haskoki. Akwai wanda suke ce wa terahaz, mai ratsa buhu da kwali ya nuna abin da ke ciki ba tare da an kwance ba. Akwai kuma irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Su burinsu na'urar ta ƙara ƙarfi, ta kuma ƙanƙance. 'Yan kasuwarmu da suka ji zancen ganin cikin buhu, sai suka ce to Allah ya sa binciken ya daɗe.

Garin nan kuwa ya ɗauki Nu'man ya ɗora a ka. Ranar da wani gidan rediyo ya yi hira da shi, rumfata ta cika, kowa ya kasa kunne. Ana cikin saurare Boyi ya tashi ya ja janareta, alhali babu aikin da ke gabansa. Ƙara ta cika wurin. Na leƙa na gan shi yana ɗiga walda a kan wani guntun ƙarfen da na san tun bara yake yashe a ƙasa.

"Boyi, ɗan uwanka fa ake ji," in ji wani dattijo.

"Wane? Dakta Tocila?" Ya ƙyalƙyale da dariya. "Baba, shi da bakinai yac ce hasken da sukai ba a ganinai da ido. An kai mutum Turai shi kunna hitilar da ba ta haska ɗaki! Ni nan in nik kunna tawa, har Ƙonni sai an gani."

Aka yi dariya, aka ce taubasai ba su da dama. Ni kaɗai ban yi ba, don na ga yadda jijiyar wuyansa ta tashi. Hassada ce, ba wani suna gare ta ba. Kuma ban ga laifinsa sosai ba. Mutumin da ka koya wa lissafi ya zama abin faɗa a rediyo, kai kana nan hayaƙi na shiga maka hanci, sannan al'ada ta ce duk abin da ya faɗa maka dole ka yi dariya.

Ga wani hali na masu waldarmu. Ba sa rufe fuska. Baƙin tabarau na kasuwa Boyi ke sawa, irin na 'yan acaɓa, wani lokaci ma ya ture shi goshi ya runtse ido ɗaya, wai ya fi ganin layi. In idon ya yi ja yana masa kamar an zuba yashi, matarsa Mero ta ɗiga masa madara, washegari ya dawo aiki. Haka ya gada, haka kowa ke yi. Amma Mero ta fara tsorata da yadda yake laluben takalminsa da safe, sai ta kai ƙara wurin Nu'man ta waya.

Da Nu'man ya zo hutun Babbar Salla, har rumfa ya iso, mutane na biye da shi, yana rungume da kwali. Ya buɗe ya fito da hular walda irin wadda ban taɓa gani ba. Gilashinta garau yake, amma da wuta ta tashi sai ya yi duhu da kansa. Na tabbata da zuciya ɗaya ya kawo ta, don na ga yadda ya tsaya yana kallon jajayen idanun Boyi. To amma taubashi ba ya yi wa taubashi magana a miƙe. Da ya ja shi gefe ya ce, ɗan uwana ina jin tsoron idonka, da wataƙila labarin nan bai kai a ba da shi ba. Sai ya ɗaga hular sama a gaban jama'a.

"Bawana, zaka ka amsa! Mu can ko share ɗakin leza mutum za shi yi sai ya sa gilashi. Sa wagga, kada ka makance in rasa mai ɗaukar min jaka."

Wurin ya kaure da shewa. Boyi ya karɓa da hannu biyu har da rusunawa, yana cewa ubangida ya kyauta. Ya fi kowa dariya. Da suka watse ya daɗe a tsaye da hular a hannu, yana jujjuya ta, yana shafa gilashin da babban yatsa. Ya so ta, wallahi ya so ta. Sai ya yasar da ita a bayan rumfa baki sama, ya cusa mata tsumma.

Ba a jima ba wata kazar Mero ta gano wurin ta fara ƙwai a ciki. Boyi ya samu abin faɗa. Duk wanda ya tambayi tsarabar Dakta, sai ya kai shi ya nuna masa. "Ga binciken Turai nan, ya hwara ba da amfani." Na yi masa magana ba sau ɗaya ba. Na ce ido naka ne, ba na Nu'man ba. Ya ce in ya sa ta, kowa ya wuce zai ce ga Boyi cikin hular ubangidansa, shi kuwa ya gwammace ya sha madara ta ido har ya mutu. Na zage shi, ya zage ni, muka ci gaba da aiki.

Kazar ta ƙyanƙyashe, ta sake ƙyanƙyashewa. Idon Boyi kuma yana ta ja baya. Ya fara kiran mutane da sunan da ba nasu ba sai sun yi magana. Ranar da ya haɗa wa wani Bafillace ƙofar garke ta fito a karkace, mutumin ya dai ɗora ta a amalanke ya kai wa wani mai walda a gaba. Wannan ya fi zagi ciwo. Ni na raka shi asibitin ido a Sakkwato. Likita ya ce na dama ya ƙone daga ciki, babu abin da za a yi masa. Na hagu yanar ido ce ta fara rufe shi, ana iya ceto shi, amma in ya ci gaba da kallon wuta tsirara, shi ma zai bi ɗan uwansa. A mota Boyi ya ce in na gaya wa Nu'man, maƙwabtakarmu ta ƙare.

Bayan mun dawo da 'yan kwanaki, da hantsi, sai ga kiran Nu'man ta bidiyo a wayata. Murna yake yi, na'urar da suka daɗe suna haɗawa ta tashi. Ya ce in kai wa bawansa ya gani. Boyi ya goge hannu a riga ya karɓi wayar.

"Duba nan," in ji Nu'man. "Hasken mai aikin ba a ganinai, amma wanga da kaka gani shi ka ba shi ƙarhi. Tun muna aji kai ka son irin wanga abu. Ka gani?"

A fuskar wayar na hango wani dogon tebur cike da madubai, da siririn haske miƙe a tsakaninsu kamar zare. Boyi ya kawo wayar daf da hancinsa. Ya karkata kai ya ba ta idon hagu. Ya daɗe a haka.

"Ɗan wanga na?" ya ce. "Ashe dai tocila ta. Ashana ta hi shi haske."

Nu'man ya yi dariya har da tafi, suka yi sallama. Boyi ya miƙo mini wayar, ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Bai ja janareta ba. Can ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Almu, wane launi na?"

Na ce kore ne.

"Kore," ya maimaita. "Shina da kyau?"

Na ce yana da kyau ƙwarai. Ban iya yi masa ƙarya ba.

Ya gyaɗa kai. Ya share idon dama da bayan hannu, wanda dama kullum cikin ruwa yake, sai dai ran nan har da na hagun.

"Tahi ka kore min kazar nan," ya ce. Na miƙe. Har na kai bakin rumfa ya kira ni. "In yat tambaye ka, ka ce mishi har yanzu ƙwai takai ciki."